Kayen Lissafin da Na Sa a Murhu

Ba na faɗin sunan ɗana na fari. Haka na tarar a gidanmu a Damagaram. Mahaifina bai taɓa kiran babban wana da sunansa ba har ya koma ga Allah, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in zai aike shi sai ya dubi bango ya ce, "A je a ɗebo ruwa." Kunya muke ce wa wannan, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ta laifi ba. Da na zo Difa na buɗe shago a bakin kasuwa, ina sayar da shinkafa da sabulu da man girki, lokacin tattasai kuma in sayi buhuna in aika gida, na zo da kunyar nan cikin kayana. Uwar yaron ta fi ni ma. In ya yi zazzaɓi, maƙwabciya take kira ta zo ta taɓa masa goshi.

Ni karatun lakwal ɗina a aji shida ya tsaya. Na iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, abin da shago yake bukata. Shi kuwa ya wuce ni tun yana ƙarami, ya ci jarrabawar birbe, ya shiga lise, babbar sakandare. A bakin mutane nake jin labarinsa. A ce mini, "Alhaji, yaronka ya sake zuwa na ɗaya," ni kuma in kau da kai in ce, "Wane yaro?" Cikina fari tas, amma fuskata ba ta nuna ba, kuma shi fuskar yake gani.

Wata rana da zafi, bayan azahar, ya biyo ta shago ya ajiye mini saƙo daga gida, ya manta kayensa, wato littafin rubutunsa na lakwal, a kan buhun shinkafa. Na buɗe. Shafi biyu na farko lambobi ne a jere, daga ɗaya har ɗari huɗu, cikin gidaje kamar dara. Mafi yawansu an soke su da jan biki, wato biro, wasu kaɗan an zagaye su. Sauran shafukan duk rabawa ce, doguwa, kuma a saman kowane shafi lamba guda ce take dawowa: 131071. Dubu ɗari da talatin da ɗaya da saba'in da ɗaya. Babu tambaya irin ta makaranta, babu sa hannun malami, babu maki.

Na taɓa ganin takarda mai kama da wannan. A gefen tasha akwai wani kiyos, ɗan ƙaramin shago, inda ake cacar tseren dawakin Faransa, kullum da mutane a gindin itacen bedi suna duƙe a kan takardu, suna soke lamba suna zagaye wata.

Abin da ya kamata shi ne in jira ya dawo in ce, "Mene ne wannan?" Kalma uku. Amma ni ban saba tambayarsa komai ba, ban san ta inda ake farawa ba. Sai na ɗauki kayen na shiga shagon tela da yake jikin nawa. Wani Babarbare ne mai barkwanci, kowa ya san rabin ranarsa a kiyos take ƙarewa.

Ya ɗaga ƙafa daga keke, ya sa tabarau, ya yi ta juya shafi yana kaɗa kai.

"Alhaji, wa ya yi wannan?"

"Kai dai gaya mini ko mene ne."

"Wannan ai aikin gwani ne! Mu muna soke goma mu zagaye uku, shi ya kai ɗari huɗu. Dubi nan, goma sha ɗaya da goma sha uku, ya zagaye su tare. Wallahi jiya su suka shigo."

"Na yaron gidana ne."

"Kai! Kana zaune da wannan a gida, ka bar ni ina ɗinkin wandon mutane? Ka ba ni aronsa sati ɗaya, in sai maka rago."

Yana dariya, ni ina jin kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Ban ga laifin telan ba, ko a yau. Abin da ya sani ya faɗa. Ni ne na kai tambayata inda ba a san amsarta ba.

Na rufe shago tun kafin la'asar. Na tarar uwarsa ta ɗora tukunya a tsakar gida, shi kuma yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana zazzage jakarsa, da alama kayen yake nema. Na ɗaga kayen sama don ya gani, na tura shi cikin wuta ƙarƙashin tukunya. Ya miƙe tsaye. Ya yi taku ɗaya ya tsaya. Na dubi bango na ce, "Gidan nan ba a caca. Wanda ya ga ya gaji da karatu, akwai aiki a Boso."

Uwarsa ta ci gaba da tuƙa tuwo. Daga baya, bayan shekaru, ta ce mini ta san ba caca yake yi ba, don ba ya fita ko'ina in ba lakwal ba. Na ce me ya hana ta magana. Ta ce, "In tsaya wa ɗan fari a gabanka? Da wane baki?"

Shi ma bai yi gardama ba. Ya ce, "Baba, ba abin da kake zato ba ne." Na ce ban tambayi kowa ba. Ya ce, "To, Baba."

Kwana biyu bayan haka malaminsa na lissafi, mushe kamar yadda muke ce wa malaman lakwal, ya zo shago. Bazabarme ne da gwamnati ta turo daga yamma, siriri, da ƙurar alli a hannun rigarsa, Hausarsa a karye. Ya ce ya ji za a cire yaron daga lakwal.

"Alhaji, yaro nan, kai nasa ba irin na kowa ba. Ni na ba shi lamba nan. Ni da kaina."

Wannan ne kaɗai na ji. Na ce, "Ashe kai ne. To, mushe, kai babba ne, ka je kiyos ɗinka kai kaɗai, ka bar ƴaƴan mutane." Ya yi ta ƙoƙarin bayani, yana haɗa Hausa da Faransanci, yana maganar wata gasa a Yamai da yake son kai yaron. Na juya ina auna wa wata mata shinkafa har ya gaji ya tafi.

A ƙarshen satin na sa shi a mota zuwa Boso, wajen ƙanena mai sana'ar bandar kifi. Shekararsa goma sha bakwai.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasar nan ya san shi, ba sai na faɗa ba. Shekarun tashin hankali suka zo. Ranar da mutanen Boso suka watse, kwana huɗu ba mu san inda yake ba. Uwarsa ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai dai ta daina cin abinci. Ya iso da ƙafa cikin ayarin mutane, ƙafafunsa a kumbure, ya gaishe ni a tsugune, na ce, "An iso lafiya?" Iyakar abin da na ce ke nan. Aka hana cinikin kifi, aka hana na tattasai na wani lokaci, kowa ya shiga neman abin da zai ci. Ya koyi gyaran injin ban ruwa wajen wani mutum. Da hanya ta ɗan buɗe ya koma wajen Geskeru, inda manoman tattasai suke jan ruwa daga kogin Komadugu. Can ya yi aure, can yake har yanzu, da ƴaƴa uku.

Bara waccan, da hantsi, wani mutum mai furfura ya tsaya a ƙofar shagona ya yi sallama. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Alhaji, har yanzu ana auna wa mata shinkafa in baƙo yana magana?" Mushen nan ne. Ya bar koyarwa, yana aiki da wata ƙungiya da ke kula da karatun yaran da suka yi gudun hijira. Hausarsa ta miƙe sarai. Na ba shi kujera, kunya ta hana ni kallon idonsa. Ya tambayi yaron, na gaya masa. Sannan ya ce, "Yau ba zan tafi ba sai ka saurare ni. Ba ni dabino."

Ya zube dabino goma sha biyu a kan tebur ya ce in raba su kashi-kashi daidai. Na yi kashi biyu, na yi uku, na yi huɗu, na yi shida. Ya ƙara ɗaya ya ce in sake. Na juya na juya, kullum sai an sami saura.

"Goma sha uku ba ta rabuwa," in ji shi, "sai dai ka bar ta dunƙule, ko ka ba kowa ɗaya-ɗaya. Irin waɗannan lambobi muke kira nombre premier. Biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha ɗaya, goma sha uku. Duk sauran lambobin duniya daga ninka waɗannan ake samunsu. Kuma ba su da iyaka, sai dai in ana nisa suna ƙara wuyar samu."

Ya ce jadawalin da na gani rairaya ce, kamar yadda mata suke rairaye gero. Ka rubuta lambobi a jere, ka soke duk wadda biyu take rabawa, ka soke duk wadda uku take rabawa, haka haka, abin da ya rage a faifai ka zagaye shi. Goma sha ɗaya da goma sha uku da tela ya gani tare, tagwaye ake ce musu, don lamba ɗaya ce tak a tsakaninsu. Haka goma sha bakwai da goma sha tara.

Na ce, "To ita babbar fa?"

Ya ɗauki biki ya rubuta ta a bayan kwalin sabulu, bai ko yi tunani ba. Ya ce in fara da biyu in riƙa ninkawa: biyu, huɗu, takwas, goma sha shida. In na jera biyu sau goma sha bakwai zan kai 131072. A cire ɗaya, ga ta nan. Ya ce dangi ne guda a cikin lambobin da ba sa rabuwa, waɗanda ake samu ta ninka biyu a cire ɗaya, kuma mafi girman da mutane suka gano a duniya daga dangin nan suke. Uku tana ciki, bakwai tana ciki, talatin da ɗaya tana ciki. Amma hanyar tana yaudara. In ka jera goma sha ɗaya ka cire ɗaya za ka sami 2047, ka ɗauka ita ma ba ta rabuwa, alhali ashirin da uku sau tamanin da tara ce. Shi ya sa sai an gwada. Ita tamu, in ji shi, ba ta da ɗan tagwai. In ka ƙara mata biyu, uku tana raba abin da ka samu. In ka rage biyu, hamsin da uku tana rabawa.

"Na ba ajin duka lambar nan," ya ce. "Na ce wanda ya tabbatar mini ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa, da hannunsa, ya zo. Su arba'in da wani abu. Shi kaɗai ya gane ba sai ya gwada lambobi dubu ɗari ba. Ya zo ya ce mini, mushe, ɗari uku da sittin da uku sau kanta ta riga ta wuce lambar, don haka in akwai mai raba ta, ɗaya tana ƙasa da nan. Kuma a cikinsu ma, waɗanda ba sa rabuwa kawai za a gwada. Saba'in da biyu ne. Ban koya masa wannan ba, Alhaji. Ya yi hamsin da wani abu lokacin da ka..."

Bai ƙarasa ba.

Telan ya leƙo yana tambayar ko akwai allurar keke. Ya tsufa shi ma, ya daina zuwa kiyos tun da ya yi ciwo. Ya ga lambar a kwali ya ce, "A'a, gwanin ya dawo?" Ya koma shagonsa.

Kafin mushe ya tafi ya ce ƙofa ba ta rufe duka ba. Mutum yana iya zana jarrabawar bak, ta gama lise, daga waje, ko ba ya lakwal. Shi zai nemo littattafai, zai riƙa koya masa ranar Asabar, zai bi masa takardu. "Amma ni ba zan je in same shi ba. Kai ka cire shi, kai za ka je."

Na yi kwanaki ina tunanin abin da zan ce. Shekara talatin ban taɓa yi masa magana ta wuce layi biyu ba. Sai na sayi kaye da jan biki. Na ce in baki ya kasa, in kai masa abin da na ƙona.

Na zana gidajen, na yi rairayar. Sau biyu ina ɓatawa ina sakewa, don na zagaye casa'in da ɗaya, ashe bakwai sau goma sha uku ce. Sannan na shiga rabawa, tsakanin mai saye da mai saye. Da uku, saura ɗaya. Da biyar, saura ɗaya. Da bakwai, saura uku. Na farko-farko suna tafiya da sauri. Da na wuce ɗari sai hannuna ya yi nauyi, idona yana ruwa, wata rabawar sai in yi ta sau uku in sami amsa uku. A nan na fara ganin yaron. Na gan shi yana zaune shi kaɗai da wannan aikin, ba wanda ya tilasta masa, ba maki, yana jin daɗi. Ni ma, da tsufana, duk sanda saura ya fito sai in ji wani abu ya motsa mini, in ce ita ma wannan ba ta iya da ita ba. Sati biyar na yi. Ta ƙarshe ɗari uku da hamsin da tara ce, saura talatin da shida. Na rufe kayen na daɗe a zaune.

Na shiga motar Geskeru da safe. Aka sauke mu sau uku a shingen sojoji ana duba takardu. Aka nuna mini gonar da yake aiki, a bakin ruwa, tattasai ya fara ja. Na hango shi a tsugune gaban inji, ya baje ƙarafa a kan buhu. Da ya gan ni ya miƙe da sauri, ya ɗauka mutuwa aka yi.

"Lafiya, Baba? Inna fa?"

"Lafiya lau take."

Ya rasa inda zai zaunar da ni. Na zauna a ƙasa, gefen buhun, na ce shi ma ya zauna. Ya zauna nesa kaɗan. Na miƙa masa kayen.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya buɗe. Ya daɗe a kan shafin farko. Ya juya, ya juya, yana bin layi da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Duka, Baba?"

"Saba'in da biyu. Ba ta rabuwa."

Ya yi wata ƴar dariya, ya sunkuyar da kai. "Ba ta rabuwa. Amma da huɗu ka yi, sun isa."

Na ce ban gane ba. Ya ɗauki tsinke ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ce tunda sau goma sha bakwai aka jera biyu, a ninka goma sha bakwai, talatin da huɗu ke nan. Duk lambar da za ta iya raba irin wannan, dole in ka cire mata ɗaya, talatin da huɗu ta raba ta. Ya rubuta talatin da biyar, sittin da tara, ɗari da uku, yana ƙara talatin da huɗu, yana share masu rabuwa. Huɗu suka rage: 103, 137, 239, 307.

"Dubi 2047 ma. Goma sha ɗaya sau biyu, ashirin da biyu. Ƙara ɗaya, ashirin da uku. Ga mai raba ta nan."

"Mushe ne ya koya maka?"

"A'a. A Boso na gane, ina juya kifi a kan wuta. Na fi wata uku ina juya abin a kaina kafin in ga dalilin." Ya jefar da tsinken. "Ba wanda zan gaya wa."

A nan na ce masa na zalunce shi. Na faɗa ina kallonsa. Na ce ban tambaye shi ba, na je na tambayi tela, ya yafe mini. Ya ce, "Haba, Baba, ka daina. Na yafe tuntuni." Ya faɗa da sauƙi, yadda ake gaya wa baƙon da ya taka maka ƙafa a mota.

Sai na gaya masa saƙon mushe, da littattafan, da ranar Asabar. Na ce shago zai riƙe iyalinsa har ya gama. Na ce kansa yana nan yadda yake, ga shaida a ƙasa.

Ya juya yana kallon ruwa. Wani manomi daga can gefen gona ya ɗaga murya, "Mai gyara, rana tana yi, tattasai zai kwanta!" Ya ɗaga masa hannu.

"Baba, da a shekarar farko ne, ko ta biyu, da da ƙafa zan taho. Ina kwana ina tashi da abin. Yanzu kana magana ina lalube a raina, ko zan ji son nan, ban same shi ba. Ban san ranar da ya tafi ba." Ya ɗauki wani ƙarfe ya hura shi. "Ka gaida mushe. Ka ce na gode, bai manta da ni ba."

Na ce ya yi tunani dai. Ya ce to. Ya ɗaura injin, ya ja igiya sau biyu, ya tashi, ruwa ya bi tiyo ya shiga kwalbatin gona. Ya raka ni har bakin hanya, ya tsayar mini da mota, ya ce gara in koma da wuri kafin a rufe shinge.

Mushe ya zo shago sau biyu yana tambaya. Na farko na ce yaron yana tunani. Na biyu, kwana uku kafin a rufe rajistar jarrabawar, na gaya masa yadda muka yi, har da lambobi huɗun. Ya sa na sake faɗa masa su, ya rubuta a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi sai da ya je jami'a aka nuna masa wannan. Ya tashi, ya yi mini sallama, ya tafi. An rufe rajistar shekarar, an rufe ta bara ma, yaron bai zo ba.